Kuskure a Ɗakin Fiɗa: Hanyoyin Tsare Shi da Abin da Doka ta Tanada wa Likita

A duk faɗin ƙasar Damargu, daga Falanko zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Belbeji, babu maganar da ke kaɗa hantar iyali kamar likita ya ce sai an yi aiki. Da jin haka sai a shiga sayar da akuya da damin gero, a aika wa dangi, a duƙufa addu'a, domin kowa ya san wanda aka shiga da shi ɗakin fiɗa ya miƙa ransa ne, bayan Allah, ga hannun mutane ƙalilan da bai sani ba, kuma ba zai ga abin da suke yi masa ba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna tashi lafiya, da yawansu ma da ba don wuƙar likita ba da tuni an yi zaman makokinsu. Amma akan sami kuskure, kuskuren ɗakin fiɗa kuwa ya sha bamban da na tela, wanda zai warware ɗinki ya sake. Saboda haka ya kamata jama'a su san abu biyu: yadda ake tsare irin wannan kuskure tun bai auku ba, da kuma abin da doka ta tanada idan ya auku, ga majinyaci da ga likita baki ɗaya.

Darasi daga Kano

A watan Janairu na 2026 kafofin labarai na Hausa suka cika da labarin wata mata da ta rasu a Kano. An yi mata aiki a watan Satumba na 2025 a asibitin gwamnati na cututtukan mafitsara mai sunan Abubakar Imam. Danginta sun bayyana cewa ta yi wata huɗu tana fama da matsanancin ciwon ciki, tana komawa asibitin ana sallamarta da maganin rage zafi, har sai da aka ɗauki hoto aka ga almakashin fiɗa kwance a cikinta. Ta cika a lokacin da ake ƙoƙarin fitar da shi. Hukumar kula da asibitocin jihar Kano ta yi bincike, ta amsa cewa an yi sakaci, ta dakatar da ma'aikata uku, ta kuma miƙa maganar ga kwamitin da ke duba ɗa'ar aikin likita.

Wanda ya dubi wannan al'amari da idon basira zai ga kuskure biyu a jere. Na farko ya faru cikin ƴan mintoci, ranar aiki, sa'ad da aka rufe ciki alhali kayan aiki ba su cika ba. Na biyu kuwa, bisa ga bayanin dangi, ya ɗauki watanni, domin kukan majinyaciya bai sa an sake bincike da wuri ba. Babu ɗaya daga cikin biyun da tsare shi ke bukatar na'ura mai tsada ko ƙwararre daga Turai: na farko ƙirge yake so, na biyu saurare. Kano birni ne mai manyan asibitoci da likitoci masu yawa. Idan har haka ta faru a can, to ɗakin fiɗa na gunduma, inda ma'aikata kaɗan ne kuma gaggawa ta yi yawa, shi ya fi bukatar ɗaure ɗamarar rigakafi.

Doguwar hanya kafin wuƙa

Mutumin Falanko ba ya tashi daga gida ya faɗa ɗakin fiɗa kai tsaye. Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne: akwai ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar da ake kira CSI inda majo da ungozoma suke, sai asibitin gunduma kamar wanda ke Tanut, sannan manyan wurare irin su babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar lafiyar uwa da yaro ta can. Tsakanin Tanut da Damagaram akwai kimanin kilomita 150 bisa hanyar Agadas, ƙauyuka da rugage masu yawa kuwa suna nesa da kwalta, sai a amalanke ko bisa babur ake fito da mara lafiya cikin rairayi. Macen da naƙuda ta gagara, ko yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, sau da yawa sai an kwana ana jiƙe-jiƙe a gida kafin a kama hanya.

Likitocin fiɗa na babban asibitin Damagaram sun bi diddigin mutum 622 da aka yi wa aikin ciki na gaggawa, suka wallafa sakamakon a 2017. Fiye da rabinsu sun iso ne ciki ya riga ya kumbura da mugunya, fiye da ɗaya cikin goma kuma sun rasu, jinkirin zuwa asibiti yana cikin manyan dalilai. Tun a 2015 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ba da ma'auni cewa ya kamata kowane ɗan Adam ya iya isa, cikin awa biyu, inda za a yi masa ayyuka uku na ceton rai: ciro jariri, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje.

Domin rage wannan nisa gwamnati ta ɗauki matakai biyu. A 2005 ta mayar da aikin ciro jariri, wato sezariyan, kyauta a asibitocin gwamnati. A tsakiyar shekarun 2000 kuma ma'aikatar lafiya da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka soma ba likitocin gama-gari horon shekara guda a kan fiɗar gaggawa, don a tura su asibitocin gunduma su riƙa yin sezariyan da aikin ƙaba da na hanji. Shirin ya kusantar da wuƙar ceto ga talakan karkara, sai dai ya ɗora kaya mai nauyi bisa ƙaramin ayari: likita ɗaya ko biyu, da mataimakin fiɗa, da ma'aikacin sa barci, waɗanda ake iya tasowa da tsakar dare bayan sun wuni a tsaye. Binciken da likita Atul Gawande da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa haɗarin manta wani abu cikin jiki yakan ninka kusan sau tara a aikin gaggawa, ya ninka sau huɗu idan aiki ya sauya salo ba zato. Irin wannan aiki shi ne abincin yau da kullum na asibitin gunduma.

Kuskure dabam, haɗarin aiki dabam

Ba duk mutuwa ko naƙasa da ta biyo bayan fiɗa ce kuskure ba. Kowane aiki yana da haɗarinsa ko da gwanin gwanaye ne ya yi shi: jini yakan ɓalle, zuciyar da ta raunana takan gaza, cikin da ya daɗe da mugunya yakan ƙi karɓar magani. Kuskure shi ne a bar abin da ƙa'idar aiki ta ce a yi, ko a yi abin da ta hana, alhali da halin kaucewa.

Masana sun san irin waɗanda suka fi yawa. Akwai yi wa wani aikin wani saboda kamancen suna, abin da ba shi da wuya a ƙasar da ɗaki guda zai tara Hadiza uku da Musa huɗu. Akwai yankan gefen hagu maimakon na dama. Akwai mantuwar ƙyallen tsane jini ko ƙarfen aiki cikin ciki, ƙyallen ma ya fi yawa, domin idan ya sha jini yakan saje da nama. Akwai ƙarin jinin da bai dace da na majinyaci ba. Akwai musayar magani: a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da gargaɗi cewa ana rikita kwalbar maganin tsayar da jini da ta allurar baya da ake yi wa mata lokacin sezariyan, saboda kwalaben sun yi kama, wannan musaya kuma takan yi kisa. Akwai kuma ƙarancin iska ga wanda aka sa barci, wanda ido ba ya gani sai an makara. Maganin wannan shi ne ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, mai ƙara idan iskar jini ta ragu. Wani lissafi na 2010 ya nuna ɗakunan fiɗa kimanin 77,000 a duniya ba su da ita, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 don rarraba ta.

Mata kuma suna da nasu haɗarin. An saba danganta yoyon fitsari da doguwar naƙuda, haka ne kuma ga mafi yawa, amma wani kaso asalinsa rauni ne da wuƙa ko zare ya yi wa mafitsara lokacin aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan mata kusan 6,000 da aka yi wa gyaran yoyo, galibinsu a Afirka, ya sami 805 masu irin wannan rauni.

Tsayawa uku da ke ceton rai

A 2008 OMS ta fitar da wata takarda mai shafi ɗaya, ɗauke da tambayoyi 19, wadda ake karantawa da babbar murya a ɗakin fiɗa. An raba ta gida uku, kowane gida kuma yana nufin ayarin aiki ya tsaya cak na ɗan lokaci.

Tsayawa ta farko kafin a sa majinyaci barci ce. Ana tambayarsa sunansa da bakinsa, da aikin da za a yi masa, da gefen da za a yanka, a tabbata ya yarda, a sa alama a wurin. A duba na'urar sa barci da magunguna, a maƙala na'urar yatsa, a tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, a kuma auna ko zai zubar da jini mai yawa don a tanadi na ƙari tun da wuri.

Tsayawa ta biyu kafin wuƙa ta taɓa fata ce. Kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa. A sake tabbatar da sunan majinyaci da wurin yanka. A tambaya ko an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce, ko an dafa kayan aiki yadda ya kamata. Likitan fiɗa ya faɗi inda yake hangen wahala, mai sa barci shi ma ya faɗi nasa.

Tsayawa ta uku kafin a fitar da majinyaci daga ɗakin ce. A faɗi aikin da aka yi a rubuta, a tabbatar da lissafin ƙyallaye da allurai da ƙarafa, a rubuta suna bisa duk naman da za a kai awo, a kuma bar wa masu jinya bayanin abin da za su sa wa ido.

An gwada wannan takarda a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, masu arziki da matalauta, har da asibitin karkara na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka wallafa a Janairun 2009 ya nuna mutuwa bayan aiki ta sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, manyan matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa 7. Faransa ta wajabta irinta a asibitocinta tun daga 2010. Takarda ce da alƙalami, kuɗinta bai kai na sabulu ba, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi ƙirge yana da ƙa'idarsa. Mutum biyu ne suke yinsa tare, da murya, ɗaya na ƙirgawa ɗaya na kallo, a rubuta a allo inda kowa zai gani. Ana yi kafin a soma, a maimaita kafin a rufe ciki, a sake idan an ɗinke fata, kuma ba a fitar da ko ƙyalle ɗaya daga ɗakin sai an gama. Idan lissafi bai cika ba sai a tsaya a nema, in ya gagara a ɗauki hoton radiyo. Amma binciken nan na 2003 ya gano wani abin tsoro: a yawancin lokutan da aka manta abu cikin jiki, an rubuta cewa lissafi ya cika. Wato ƙirgen da aka yi da ka, cikin gajiya da sauri, bai da maraba da rashinsa.

Akwai kuma wata matsala ta al'ada. Tarbiyyar ƙasar Hausa ta koya wa ƙarami kada ya katse babba, wannan kuwa abin yabo ne a zaure da fada. A ɗakin fiɗa kuwa kunya takan yi kisa. Ƙaramar ma'aikaciyar da ta ga ƙyalle ɗaya ya ɓace wajibi ne ta ce a dakata, ko da shugaban asibiti ne ke riƙe da wuƙa, shi kuma wajibi ne ya dakata ya gode mata. Dalilin da ya sa takardar ta ce kowa ya faɗi sunansa tun farko ke nan: wanda ya buɗe baki sau ɗaya ba ya jin nauyin buɗewa na biyu.

Daren da ke bayan aiki

Mutane da yawa suna zaton da an fito daga ɗakin fiɗa an tsira. Babban binciken da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, aka wallafa a 2018, ya nuna akasin haka. Cikin majinyata 11,422 an rasa 239, kuma kusan dukansu sun rasu ne a kwanakin da suka biyo bayan aiki, ƙalilan ne suka cika a ranar aikin kanta. Duk da cewa majinyatan Afirka sun fi na sauran duniya ƙuruciya, haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka shirya ya ninka na duniya sau biyu. Kashi na biyu na binciken, a 2019, ya nuna mata fiye da biyar cikin dubu suna rasuwa bayan sezariyan, wato kimanin ninki 50 na ƙasashe masu arziki, zubar jini kuma yana kan gaba cikin dalilai.

Ma'anar wannan ita ce majinyaci yakan lalace a gadon jinya da dare ba tare da wani ya lura ba. Rigakafinsa awo ne a kan lokaci: bugun zuciya, da tansiyo, da numfashi, da zafin jiki, da yawan fitsari, a rubuta su, a kuma sa iyaka wadda da an ƙetare ta za a taso likita ko da ƙarfe nawa ne. A asibitin da ma'aikaci ɗaya ke gadin gadaje da yawa, ƴar jinya, wato uwa ko ƴar uwar da ke kwana gefen gado, ido ce ta biyu. Idan an koya mata alamun haɗari, kamar jinin da ke jiƙa zane, da gumi mai sanyi, da saurin numfashi, da kumburin ciki, da gushewar hankali, za ta iya ceton rai da kira ɗaya.

Ƙofofi uku na shari'a

Dokokin Nijar a wannan fage sun samo asali daga tsarin Faransa, kuma ko da yake hukuncin kotun Faransa ba ya ɗaure alƙalin Nijar, ana karantar da manyan hukunce-hukuncenta a makarantun shari'a na ƙasashen da suka gaji wannan tsari. Ginshiƙinsu shi ne hukuncin da ake kira Mercier, na 20 ga Mayu 1936. Ya kafa ƙa'idar cewa likita bai yi alƙawarin warkarwa ba, abin da ke wuyansa shi ne kulawa ta tsakani da Allah, cikin natsuwa, daidai da abin da ilmi ya tabbatar a zamaninsa. Saboda haka wanda ya kai ƙara sai ya nuna abu uku: an yi laifi, an sami cuta, kuma laifin ne ya jawo cutar. Alƙali yakan naɗa wani likita masani ya duba dosiye ya ba da ra'ayi.

Ƙofa ta farko ita ce ta diyya. Mataki na 1382 na kundin dokokin farar hula ya ɗora wa duk wanda laifinsa ya cuci wani nauyin gyara ɓarnar. Likita mai zaman kansa ko asibitin kuɗi su ne za su biya, shi ya sa inshora ta zama dole ga mai hankali. A asibitin gwamnati kuwa ƙa'idar ita ce hukuma ce ke ɗaukar laifin da ya taso daga tafiyar aiki, kamar rashin jini, ko lalacewar na'ura, ko kuskuren ma'aikaci a bakin aikinsa. Ma'aikaci yana ɗaukar kayansa da kansa ne idan laifin ya fita daga da'irar aiki, kamar wanda ya ƙi zuwa bayan an kira shi alhali shi ke gadi, ko ya shiga aiki cikin maye. A da, kotunan Faransa ba sa kama asibitin gwamnati a kan aikin likita sai laifin ya yi muni ƙwarai. Sun bar wannan sharaɗi a ranar 10 ga Afrilu 1992, a shari'ar wata mata da aka yi wa sezariyan, wadda jerin kurakurai wajen allurar baya da magunguna suka tsayar wa zuciya, suka bar ta da naƙasa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hukunci. Kundin hukunta laifuka da Nijar ta kafa a 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, ya tanadi ɗauri da tara ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ba da niyya ba, ta hanyar rashin ƙwarewa, ko ganganci, ko rashin lura, ko sakaci, ko ƙin bin ƙa'ida. Dokar ba ta ware likita ba. A nan kuwa babu hukumar da za ta shiga gidan kaso a madadin mutum, kowa da nasa.

Ƙofa ta uku ita ce ta ladabtarwa. A 1988 aka kafa wa likitocin Nijar majalisar da ke riƙe da rajistarsu, tare da kundin ɗa'ar aiki. Irin wannan majalisa tana da ikon gargaɗi, da tsawatarwa, da dakatarwa, har da soke suna daga rajista. Ma'aikacin gwamnati kuma yana iya fuskantar horon ma'aikatarsa. Ƙofofin uku ba sa hana juna, laifi ɗaya yana iya bi ta dukansu.

Abin da ya fi nutsar da likita gaban shari'a sau da yawa shi ne halinsa bayan kuskure. Tun a 1835 babbar kotun Faransa ta tabbatar da hukunci a kan likita Thouret-Noroy, wanda ya huda babbar jijiyar hannun wani mutum wajen fitar masa da jini, ya yi watsi da shi har hannun ya ruɓe aka yanke. Sakacin da watsin su suka fi nauyi a ma'aunin alƙalai. Haka abin yake har yau. Likitan da ya gane kuskurensa, ya gaya wa iyali, ya gyara ko ya tura gaba da wuri, ya rubuta kome, yana da abin kare kansa. Wanda ya ɓoye, ko ya sauya rubutun dosiye, ya ƙara laifi bisa laifi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar yarda da majinyaci ya sa wa hannu ko ya dangwala wa yatsa ita ma ba ta wanke sakaci, kuma ba ta da daraja idan ba a yi masa bayani da harshen da yake ji ba, Hausa ne, ko Tamashek, ko Fulatanci, ko Barbarci.

Sai dai akwai wani gefe da ya kamata jama'a su auna. Idan duk mutuwar da ta faru a ɗakin fiɗa za ta kai likita hannun jandarma, likitan gunduma zai daina taɓa aiki mai haɗari, ya riƙa tura kowa Damagaram, macen da mahaifarta ta fashe kuwa ba ta da awoyin da tafiyar za ta ci. Shari'ar da ta bar sakaci ta cuci majinyaci, wadda ta hukunta ƙaddara kuma ta cuci wanda zai zo gobe.

Abin da malaman fiƙihu suka faɗa

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga malaman zaure. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi magana a kan mai magani da ya yi kuskure wajen kaciya ya yanke abin da bai kamata ba, ya ce akwai diyya, kuma dangin da ke ɗaukar diyyar kuskure su ne za su biya. Ibn Rushd, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya bambanta masani da ya yi kuskure da wanda ya shiga aikin magani ba da saninsa ba, ya nuna cewa babu saɓani na biyun yana ɗaukar alhaki domin ya ƙetare iyaka. Ashe addini bai ce a rufe kowace magana da sunan ƙaddara ba. Yarda da ƙaddara wajibi ne, neman haƙƙi kuma halal ne, yafewa bayan an san gaskiya ita ce falala. Wannan hukunci ya shafi duk mai riƙe da aska, har da wanzamin da ke kaciya ko cire beli da ƙarfen da ba a dafa ba, da mai allurar kasuwa da ba shi da takardar izini.

Nauyin da ke kan kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ita ke da alhakin wuta da ba ta yankewa a tsakiyar aiki, da ruwa, da tukunyar dafa kayan aiki, da iskar numfashi, da firijin ajiyar jini, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki, da isassun ma'aikata don wanda ya kwana gadi ya samu barci. Ba adalci ba ne a tura likita da hannu wofi sannan a tuhume shi shi kaɗai. Shugabannin asibiti su wajabta karanta takardar nan a kowane aiki, har da na tsakar dare, su kuma riƙa zaman bita bayan kowace mutuwa ko kuskuren da aka tsallake da ƙyar, zaman da ke neman inda bango ya tsage, domin ma'aikacin da ya san za a wulaƙanta shi ba zai faɗi gaskiya ba.

Su kuma iyalai suna da nasu rabo. A je awon ciki, a kama hanya da wuri idan majo ya ce a tafi gaba. A riƙe karne da takardar turawa, kada a baro su gida. A gaya wa likita gaskiya game da jiƙon da aka sha da abincin ƙarshe da aka ci, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zo da dangin da za su ba da jini. A tambayi sunan aikin da dalilinsa, tambaya ba raini ba ce. Bayan sallama, idan ciwo ya ƙi sauƙi, ko zazzaɓi ya taso, ko ɗinki na fitar da ruwa, ko fitsari na zuba, a koma nan da nan, idan kuma ba a gamsu ba a nemi ganin wani likita. Wanda yake ganin an cuce shi ya soma da shugaban asibiti ko likita shugaban gundumar lafiya, ya nemi bayani, in bai samu ba ƙofar majalisar likitoci da ta gidan shari'a a buɗe suke. Zagi da dukan ma'aikata laifi ne mai zaman kansa, ba ya dawo da wanda ya tafi, yana dai korar likita daga karkara.

Ƙasar Damargu tana bukatar likitocin da za su zauna, su yi aiki da ƙarfin zuciya, tana kuma bukatar majinyatan da za su shiga ɗakin fiɗa da amana. Abin da zai haɗa biyun bai wuce ƙirge na gaskiya, da rubutu cikakke, da faɗin gaskiya idan an yi kuskure ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya yi wa ma'aikatan lafiya jagora.